Gephyrosaurus: kurakuran da aka fi yi wajen sanya shi a ajinsa

Gephyrosaurus bridensis ƙaramar dabba ce mai rarrafe da ta rayu a farkon zamanin Jurasik, kimanin shekara miliyan 200 da suka wuce. An tono ƙasusuwanta a tsagogin duwatsun farar ƙasa a kudancin Wales da ke Birtaniya, kuma masaniya Susan Evans ce ta bayyana ta a 1980. Duk wanda ya ga zanenta zai rantse ƙadangare ne, kuma daga nan ake fara tuntuɓe.

Sunan ma yana ruɗarwa. "Sauros" a Girkanci ƙadangare ne, "gephyra" kuma gada. Amma suna ba ya yanke hukunci a rabe-raben halittu. Wasu da sun ga wutsiyar "saurus" sai su kai shi gidan dinoso, alhali dinoso na reshen Archosauria ne, tare da kada da tsuntsaye. Gephyrosaurus yana cikin Lepidosauria, wanda ya rabu biyu: Squamata, inda ƙadangaru, hawainiya, damo da macizai suke, sai Rhynchocephalia, inda shi Gephyrosaurus yake. A yau mai rai ɗaya ya rage a wannan reshe na biyu, tuwatara, wata dabba mai rarrafe ta Niyu Zilan. Ita ma da farko ƙadangare aka ɗauke ta, sai a 1867 Albert Günther ya ware mata gidanta.

Kuskuren da ya fi kama masu ɗan sani shi ne na haƙora. An koya musu cewa haƙoran tuwatara a manne suke a kan gefen muƙamuƙi, ba sa sauyawa. Na Gephyrosaurus kuwa ƙanana ne masu yawa, a jingine da bangon ciki na muƙamuƙi, kamar na ƙadangaru da dama. Sai a ce ai shi ke nan, ƙadangare ne. Ba haka ba ne: wannan tsohon fasali ne da rassan biyu suka gada, kuma abin da aka gada tare ba ya raba dangi. A nemi alamar da reshe ɗaya kaɗai ya ƙirƙira. A duba rufin baki: akwai jerin haƙora da suka fi sauran girma, kwance daura da na muƙamuƙin sama. A duba muƙamuƙin ƙasa: ƙashin da ke ɗauke da haƙora ya miƙe can baya. Waɗannan na Rhynchocephalia ne.

Sai batun ramuka biyu da ke bayan ido a ƙoƙon kai, alamar Diapsida, babban rukunin da ya haɗa Lepidosauria da Archosauria. A tuwatara, wata sandar ƙashi ta rufe gindin ramin da ke ƙasa. A ƙadangaru babu ita. An daɗe ana cewa tuwatara ce ta riƙe fasalin kakanni. Gephyrosaurus ya ɓata wannan lissafi, domin tasa sandar ba ta haɗe ba. Wato dangin tuwatara daga baya suka sake gina ta. Don haka buɗaɗɗen rami ba shaidar ƙadangare ba ce.

Kada a rubuta cewa shi ne kakan tuwatara. Reshe ne da ya tsaga da wuri, a iyalin Gephyrosauridae, a wajen rukunin Sphenodontia, inda tuwatara take. "Ɗan'uwa na nesa" ya fi dacewa.

A kuma yi hattara da cikakkun zane-zanen ƙwarangwal. A warwatse aka samu ƙasusuwan, na dabbobi da yawa, gauraye da na ƙananan dangin masu shayarwa irin su Morganucodon. Harhaɗa su aka yi, saboda haka ƙiyasin tsawon jiki ba awo ba ne.

Wajen rubuta suna, kalmar farko da babban baƙi, ta biyu da ƙarami, duka biyun a karkace. Rhynchocephalia da Gephyrosauridae suna ɗaukar babban baƙi, amma a miƙe.