Neman aiki ta intanet daga gida: wuraren da sababbin shiga suka fi yin tuntuɓe

Da wuya mako ya wuce ban ji wannan tambayar ba, ko daga matashin da ya gama bautar ƙasa yana zaune, ko daga matar aure da ke son samun na kashewa ba tare da ta bar ɗakinta ba: "Don Allah wane shafi ake shiga a samu kuɗi?" A cikin tambayar ma kuskuren farko yake. Shafi ba ya ba da kuɗi. Wani mutum ne a can yake da buƙata, yana neman wanda zai biya masa ita, shi kuma ya biya ladan aiki. Shafukan neman aiki irin su Upwork da Fiverr kasuwanni ne kamar Kantin Kwari, wanda ya kama rumfa babu haja zai wuni a zaune ya koma gida hannu rabbana. Don haka kafin ka buɗe asusu ko'ina, ka zauna ka amsa wa kanka: me na iya wanda wani zai zaro kuɗinsa ya ba ni a kansa?

In amsar ita ce babu tukuna, ba abin kunya ba ne, koyo za ka fara. Amma abu ɗaya za ka kama. Na sha ganin shafin sabon shiga ya jera cewa shi mai zane ne, mai fassara ne, mai haɗa bidiyo ne, mai gina shafukan intanet ne, duk a lokaci guda. Mai ba da aiki yana ganin haka zai wuce, domin ya san taura biyu ba ta taunuwa. Ka zaɓi sana'a guda ka ba ta wata uku ko huɗu kullum. Darussa kyauta suna nan birjik a YouTube, gwamnatin Najeriya ma ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 don horar da matasa sana'o'in fasahar zamani.

Akwai wata haja da muke da ita a hannu muna raina ta, wato Hausar kanta. Kamfanoni da ƙungiyoyin agaji suna neman masu fassara, da masu sauraren magana su mayar da ita rubutu, da masu naɗar murya, da masu duba abin da na'ura ta fassara su gyara. Sai dai a nan ma akwai tarko: mutum ya ɗauka tunda da Hausa aka haife shi, shi ke nan ya iya. Jin harshe daban, rubuta shi bisa ƙa'ida daban. Wanda ya rubuta "kasa" yana nufin "ƙasa", ko "kafa" yana nufin "ƙafa", ya canja ma'ana ɗungurungum. Haka wanda ya haɗe "ba ta" ya mayar da ita "bata", ko ya rubuta "yayi" a wurin "ya yi". A hirar WhatsApp babu mai tuhumarka, amma a aikin kuɗi akwai wani Bahaushen da aka ɗauka musamman don ya bi aikinka layi-layi, shi zai ba ka maki. Gyaran yana da sauƙi: ka ƙara Hausa a cikin harsunan Gboard, wato allon rubutu na wayarka, don ka samu haruffa masu lanƙwasa, ka nemi littafin ƙa'idojin rubutun Hausa ka karanta shi kamar ɗalibi. Ka kuma tambayi mai aikin ga wa rubutun zai je, domin a Nijar ana rubuta ƴ a wurin da mu a Najeriya muke rubuta 'y, kuma kalmomin aro na can daga Faransanci suke. Abin da ya fi komai zubar da mutunci shi ne ka zuba rubutun mutane a na'urar fassara ka kwafo ka miƙa da sunan aikinka. Ana ganewa tun daga jimlar farko, kuma da wuya a sake kiranka.

Kuskuren da ya fi cin dukiyar mutane kuwa, wanda ya fi ba ni takaici, shi ne biyan kuɗi don a ba ka aiki. Ga yadda abin yake tafiya. Saƙo zai shigo maka ta WhatsApp ko Telegram daga lambar da ba ka sani ba, a ce wani kamfani yana ɗaukar ma'aikata daga gida, aikin kawai ka danna alamar so a bidiyo ko ka yabi wani otal da ba ka taɓa kwana a ciki ba. Ka yi, su turo maka ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, a ce naira 1,500. Kuɗin gaske ne, ya shiga asusunka, zuciya ta kwanta. Sai a saka ka a wani zaure cike da mutane suna ta turo hotunan shaidar biya suna godiya, alhali da yawansu mutanen masu shirin ne. Daga nan a ce akwai babban aiki, amma sai ka ajiye naira 20,000 a mayar maka da riba. Wataƙila ma a mayar maka a karon farko. A karo na gaba, da ka zuba mai tsoka, sai a ce ka yi kuskure a wani mataki, kuɗinka sun maƙale, sai ka ƙara wasu kafin a sake su. Wata 'yar'uwata kuɗin adashinta ta zuba haka, har yau ba ta ga ko sisi ba, kuma abin da ya fi damunta shi ne maƙwabta biyu da ta jawo ciki da kyakkyawar niyya.

Mun ga irin wannan ba sau ɗaya ba. A cikin shirye-shiryen zuba kuɗi don riba, MMM ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, CBEX ta durƙushe a Afrilun 2025 da kuɗin jama'a a ciki, riga ce kawai ake canjawa. Banza ba ta kai zomo kasuwa. A aikin gaskiya kuɗi daga mai aiki suke tahowa zuwa gare ka. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin rajista, ko na horo na dole, ko na buɗe mataki, ko ya ce samunka ya dogara ga yawan mutanen da ka kawo, ka rufe hirar. Abin da ya ɗan yi kama da wannan amma ba shi ba ne shi ne Connects na Upwork, wato ɗan tikitin da ake kashewa wajen neman aiki. Shi a cikin shafin kansa ake saye, farashinsa a bayyane, ba wani mutum kake tura wa kuɗi a asusunsa ba.

Akwai wanda ya fi wannan haɗari, domin can dukiya ce ta tafi, nan kuwa 'yancinka ne. Wani zai ce aikinka kawai a turo kuɗi asusunka na banki, ka cire kasonka ka tura sauran inda aka ce. Kuɗin sata ne ake wankewa ta hannunka, kuma ranar da EFCC ta bi sawu, sunanka da BVN ɗinka za ta tarar, shi mai turo ka ko sunansa na gaskiya ba ka sani ba. Lambar sirrin da banki ke turowa a waya, da BVN, da hoton katin cirar kuɗi, babu mai ba da aikin da yake buƙatarsu. Haka nan sayen asusun wani na shafin neman aiki ko hayarsa don ka nuna kai ɗan Amurka ne: shafukan nan suna neman katin shaida, wani lokaci har su ce ka kunna kyamara su gan ka. Ranar da asiri ya tonu za a rufe asusun, guminka yana ciki. Ban da wannan ma ha'inci ne, kai ma ka san bai halatta ba.

Sai maganar karɓar kuɗi, wadda mutane ke bari sai sun gama aiki sannan su fara tambaya. Ba a fafe gora ranar tafiya. A baya an yi shekara da shekaru asusun PayPal na Najeriya, wato manhajar tura kuɗi ta intanet, yana tura kuɗi amma ba ya karɓa, mutane da yawa sun gano haka ne bayan sun kammala aiki. Ka duba hanyoyin biyan da shafin ya amince da su ga ƙasarka tun ranar farko, ka buɗe Payoneer, wato asusun karɓar kuɗi daga waje ta intanet, ko asusun dala a bankinka. Sunan da ke kan asusun aikinka ya zama daidai da na katin NIN da na banki, harafi da harafi. In can Muhammad ne, kada nan ya zama Mohammed, kada kuma ka sa laƙabin da abokai ke kiranka da shi. Ka san lissafinka kuma: Fiverr tana cire kashi 20 cikin 100 na kowane aiki, sabon mai sayarwa kuma sai ya jira kwana 14 kafin kuɗin su zama na cirewa. Wannan kason ne yake sa wasu su yarda idan mai aiki ya ce a koma WhatsApp a ƙarasa ciniki. To a Upwork, aikin da aka yanke wa farashi mai aiki yana ajiye kuɗin a hannun shafin kafin ka fara. Da ka fita waje ka rasa wannan kariyar, in ya karɓi aiki ya toshe lambarka babu wurin kai ƙara, kuma dokar shafin ta hana, suna iya korarka.

Wasu kuma suna da sana'ar amma babu abin nunawa. Tela ma yakan rataye ɗinkinsa a ƙofar shago. Ka yi samfuri uku masu kyau ko ba wanda ya sa ka. Kuma me ya sa dole sai Turai za a fara? Mai sayar da atamfa a unguwarku yana buƙatar wanda zai ɗauki hoton kayansa ya kula masa da shafin Instagram, makarantar Islamiyya tana buƙatar mai buga mata takardun sakamako, mai abincin sayarwa tana son a zana mata talla. Aikin intanet ne wannan, daga gida ake yinsa, da naira ake biya, kuma shi zai zama shaidarka gobe. In ka zo neman aikin waje, kada ka kwafi wasiƙa guda ka watsa wa mutum hamsin. Ka karanta abin da mutumin ya rubuta, ka fara da matsalarsa a layin farko, ka nuna masa samfurin da ya yi kama da ita. Gwajin kyauta kuma kada ya wuce ɗan sakin layi. Wanda ya ba ka shafi goma ya kira shi gwaji, aikin banza yake nema.

Kada ka bar aikin da kake yi ko ka sayar da kadara don wannan tun ba ka ga kuɗin wata uku a jere ba. Makonnin farko sau da yawa shiru ne.

Wutar lantarki da data su ma suna cikin lissafi, domin mai aikin da ke Landan bai san an ɗauke muku wuta kwana biyu ba, alkawarin da ka yi kawai ya sani. Aikin da za ka iya gamawa a kwana biyu ka ce uku. Ka tanadi layin waya na biyu daga wani kamfanin daban, da batirin caji, ka kuma san wurin da za ka je ka yi caji in ta ɓaci. Ka lura da bambancin lokaci: New York tana bayanmu da awa 5 ko 6 gwargwadon lokacin shekara, safiyarsu ta yi daidai da azahar zuwa la'asar ɗinmu. Ka faɗa tun farko cewa ranar Juma'a da rana ba ka samuwa, yawancinsu ba su da matsala da haka in sun sani da wuri. Ke kuma 'yar'uwa da ke aiki a tsakar gida, ki zauna da maigida da yara ki ware awa biyu ko uku da kowa ya san na aiki ne, in ba haka ba za a riƙa ganin latsa waya kawai kike yi, a yi ta aikenki. In kuma duk da haka ka ga ba za ka cika alkawari ba, kada ka ɓuya ka kashe waya. Ka rubuta wa mai aikin tun saura kwana guda, ka ce ga inda na kai, ga abin da ya rage, zan miƙa gobe ƙarfe kaza, ka haɗa masa da rabin da ka gama ya gani.