Kurakuran da aka fi yi wajen sayar da tsohuwar waya ta intanet a Jidda

A cikin wata biyu da suka wuce, mutum uku daga cikin 'yan uwanmu mazauna Jidda sun same ni da kuka iri ɗaya: sun sa waya a Haraj, wato shafin saye da sayarwa na Saudiyya, ko a Facebook, mai saye ya zo, waya ta tafi, kuɗi kuwa har yau ana jiransu. Na gaji da maimaita magana ɗaya a ƙofar masallaci bayan ɓarna ta riga ta auku, shi ya sa na ga gara in rubuta. Abin da zan faɗa hanyar da ni nake bi ce tun daga ranar da aka cuce ni, kuma na san wasu za su ce na cika tsanani.

Babban kuskure shi ne miƙa waya saboda an nuna maka hoton hawala, wato shaidar tura kuɗi, ko saƙo ya shigo wayarka. Wannan shi ya ci ni riyal 1,800. Na sa iPhone ɗina a Haraj, wani ya kira, bai ko taya ba ya ce ya saya, muka yi alkawarin haɗuwa bayan sallar isha'i a Hindawiyya. Ya zo a mota bai kashe ta ba, ya sauke gilashi, ya jujjuya wayar sau biyu, sannan ya ce, "Alhaji, ba ni lambar asusunka." Ya danna-danna, ya juyo mini da fuskar wayarsa, ga sunana, ga adadin kuɗin, ga koren alamar an kammala. Nan take saƙo ya shigo mini cewa an saka riyal 1,800. Da na ce bari in duba manhajar banki, sai ya ce, "Haba Alhaji, bankinmu ba ɗaya ba ne, sai da safe za ka gani, ga shi kuma na tare hanya." Motocin da ke bayansa suna ta hon, kunya ta kama ni, na miƙa masa kwalin. Sai da na isa gida na lura cewa saƙon daga lambar da ta fara da 05 ya fito, irin lambar da kowa ke riƙewa, kuma abokin cutarsa ne ya turo shi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, ƙaryar da ya yi mini ba ta da ƙafa. Tun shekarar 2021 Babban Bankin Saudiyya ya fara tsarin Sarie na hawalar nan take, wanda ke kai kuɗi daga wannan banki zuwa wancan cikin daƙiƙoƙi, dare da rana, har ranar Juma'a, matuƙar bai wuce riyal 20,000 ba. Kuɗin waya bai kai nan ba, don haka duk wanda ya ce maka sai gobe, ka ce masa wayar ma sai gobe. Yanzu waya ba ta barin hannuna sai na buɗe manhajar bankina da kaina, na ga kuɗin sun hau kan abin da ke ciki. Ina kuma duba sunan wanda ya turo. Idan ya saɓa da sunan mutumin da ke tsaye a gabana, ba na karɓa, domin akwai masu yaudarar wani can daban ya turo maka kuɗi, su kuma su ɗauki wayar, in wancan ya kai ƙara asusunka za a fara tuhuma. Idan tsaba ce, ina ƙirgawa a wuri mai haske, takardar riyal 500 kuwa sai na ɗaga ta na duba.

Ƙanin wannan kuskure shi ne na mai saye daga nesa, wanda zai ce yana Dammam ko Abha, ya riga ya biya kamfanin aike, saura kawai ka shiga wani adireshi da ya turo ta WhatsApp ka "karɓi kuɗinka". Shafin zai nemi lambar katinka na banki (mada) da lambar sirrin da banki ke turowa. Jama'a, wane irin karɓar kuɗi ne wannan? Mai son biyanka ba ya bukatar komai sai lambar asusunka ta IBAN, wadda ke farawa da SA. Lambar kati da lambar sirri na fitar da kuɗi ne. Haka nan duk wanda ya ce ka buɗe Nafath, manhajar gwamnati ta tabbatar da ko kai wane ne, ka danna wata lamba domin a tabbatar da ciniki, ƙofar shiga da sunanka yake nema. Ina tura irin waɗannan saƙonni zuwa 330330, lambar kai ƙarar saƙonnin yaudara. Wanda aka riga aka cuta kuma ya kira bankinsa nan take a rufe katin, sannan ya kai rahoto ta manhajar Kulluna Amn.

Kuskure na biyu da ke tayar mini da hankali shi ne sayar da waya ba a tsabtace ta ba, kuma a nan laifin namu ne gaba ɗaya. A ƙasar nan waya tana ɗauke da Absher (manhajar hidimomin gwamnati), da Nafath, da banki, da hoton iƙama (katin izinin zama) da fasfo, da hotunan iyali. Ɗan yayata ya sayar da Samsung ɗinsa bara, ya bi hotuna ɗaya bayan ɗaya ya goge da hannu, ya ɗauka ya gama. Ya manta da katin memori da ke ciki, mai ɗauke da hotunan bikin ƙanwarsa, mata babu lulluɓi. Allah ya sa mai sayen mutumin kirki ne, ya kira ya dawo da katin. Yaron ya zo yana ce mini, "Kawu, wallahi na goge komai." Na yi masa faɗan da ban taɓa yi masa ba, domin mutuncin gida guda ya miƙa wa baƙo a kan riyal 600, kuma ba kullum ake dace da mai tsoron Allah ba.

Tsarin da nake bi ba na canza shi. Ina fara kwashe abin da nake so, in mayar da WhatsApp da banki da Nafath kan sabuwar waya, in tabbatar kowanne ya buɗe. Sai in cire sim da memori, in goge eSIM idan akwai. Bayan haka ne nake fita daga asusun Google da na Samsung, ko daga iCloud tare da kashe Find My, sannan a ƙarshe in yi mata fomat daga cikin saituna. Wanda ya tsallake fita daga asusu, musamman idan ta maɓallan gefe ya yi fomat ɗin, zai iya barin wayar a kulle, domin Apple tun 2013 da Android tun 2015 sun sa makullin da ke neman asusun mai ita na farko. Daga nan mai saye zai dawo yana neman lambar sirrinka, kai kuma don gudun rigima ka ba shi. Saboda haka nake kunna ta a gabansa, mu wuce shafin maraba tare, ya sa nasa asusun kafin mu rabu. Layi kuwa ba a haɗa shi da waya ko kyauta, tunda da iƙamarka da zanen yatsanka aka yi masa rajista, kuma duk abin da aka aikata da shi kai za a nema.

Sauran ƙanana ne, amma suna da illa. Kada ka kira baƙo gidanka, ni a cikin babban kanti nake haɗuwa da mutum, inda akwai kyamara da jama'a, kuma ba na sake yin ciniki ta tagar mota. Kada ka ɗauko hoto daga intanet, ka ɗauki wayarka yadda take, har da tsagewar da ke gefe. Idan an taɓa canza gilashi, ko lafiyar batir ta sauka ƙasa da kashi 80, ka rubuta a tallar, domin ɓoye aibi algus ne, kuma shi ke dawo da mai saye da fushi. Kafin ka yanke farashi, ka zaga shaguna biyu ko uku a titin Falasɗinu, inda kasuwar wayoyi take, ka ji abin da za su taya. Haraj na da la'ada kashi 1 cikin 100 da aka bar wa amanar mai sayarwa, ni ina biya. Sayar da wayarka daban, mayar da saye da sayarwar waya sana'a daban, domin tun 2016 aka keɓe wannan sana'a ga 'yan ƙasa.

Lambar IMEI kuma, wato lambar shaidar waya mai alƙaluma 15 da ke fitowa idan ka danna *#06#, ba na sa ta a talla, kuma ina rufe ta idan zan ɗauki hoton kwali. A ranar ciniki nake rubuta ta a takarda biyu tare da kwanan wata da kuɗin da aka biya da lambar mai saye, kowa ya sa hannu ya riƙe ɗaya. Tawa ina ajiye ta a jakar da fasfona yake.