Yadda ake neman tallafin SBIR na cutar daji a Amurka

'Yan uwa mazauna Amurka sun yi ta tambayata yadda ƙaramin kamfani zai nemi tallafin SBIR (kuɗin da gwamnatin Amurka ke ba ƙananan kamfanoni don bincike da ƙirƙira) na NCI, wato cibiyar binciken cutar daji ta ƙasar, don fasaharsa ta yaƙi da cutar daji ta shiga kasuwa. To, ga shi:

1. Tabbatar kamfanin na Amurka ne, ma'aikatansa ba su wuce 500 ba.
2. Yi rajista a SAM.gov, shafin rajistar masu neman kuɗi ko kwangila daga gwamnatin Amurka. Hattara, nan ake makara: rajista kan ci mako shida.
3. Buɗe asusu a eRA Commons (shafin bibiyar takardun neman tallafin bincike), Grants.gov (shafin neman tallafin gwamnati) da SBA (hukumar ƙananan kamfanoni).
4. Rubuta manufofin aikin a shafi ɗaya.
5. Tura wa jami'in NCI shafin ta imel ya ba ka shawara, ko sisi ba ka biya.
6. Miƙa takardunka kafin 5 ga Janairu, 5 ga Afrilu ko 5 ga Satumba. Kada ka bari sai ranar ƙarshe, ɗan kuskure kaɗan na'ura za ta dawo maka da su.