Baƙin man babur a lokacin hunturu

'Yan'uwa masu babur, musamman masu sammako zuwa kasuwar Wudil ko Maigatari, ku duba lambar da ke jikin robar baƙin mai kafin ku yi juye. Lambar farko, wadda harafin W ke biye da ita, tana nuna kaurin man a cikin sanyi; ƙaramar lamba na nufin ƙarancin kauri, don haka 10W-40 ya fi 20W-50 saurin zagaya inji da asubar Disamba da Janairu. Tsohon injin da ke shan mai kuwa, gara a bar shi da 20W-50. Ku nemi mai alamar JASO MA, wato alamar man da ya dace da kulocin babur, domin baƙin man mota yakan sa kuloci ya riƙa zamewa. Baƙin mai na awo a kwalba, ni dai ba na yarda da shi.