Yadda ƙaramin kamfani zai nemi kwangilar kula da kwamfutoci da rumbun bayanai a gwamnatin tarayyar Najeriya

Matasa da yawa da suka ƙware a aikin kwamfuta suna ɗaukar kwangilar gwamnati a matsayin gonar manya, alhali kaso mai tsoka na aikin bai fi ƙarfinsu ba. Gina rumbun adana bayanai irin na kamfanin Galaxy Backbone, wanda gwamnatin tarayya ta kafa a 2006, yana buƙatar jari mai nauyi. Amma ma'aikatu da jami'o'i da asibitocin gwamnati suna da ƙananan ɗakunan na'urori da ke buƙatar mai shimfiɗa waya, mai canza batiran da ke riƙe wuta idan an ɗauke lantarki, mai kula da na'urar sanyaya ɗaki, da mai amsa kiran ma'aikaci idan kwamfutarsa ta ƙi tashi. A ganina, nan ne ƙofar da ya kamata sabon kamfani ya fara ƙwanƙwasawa.

Matakin farko shi ne takardu, kuma a nan ne masu nema da yawa suke faɗuwa tun kafin a duba ƙwarewarsu. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007, wadda hukumar kula da kwangilolin gwamnati ta BPP ke sa ido a kanta, ita ce ginshiƙin tsarin. Sanarwar kwangila takan nemi rajistar kamfani daga CAC, shaidar biyan haraji ta shekara uku, lissafin kuɗin kamfani da akanta ya tantance, takardun cika sharuɗɗa daga hukumar fansho ta PenCom da asusun horar da ma'aikata na ITF da asusun inshorar ma'aikata na NSITF, rajista a rumbun 'yan kwangila na BPP, da takardar rantsuwa daga kotu. Da yawa daga cikin waɗannan takardu wa'adinsu yana ƙarewa ranar 31 ga Disamba, saboda haka mai hangen nesa yakan fara sabunta su tun watan Janairu, domin wanda ya jira sai ya ga sanarwa a jarida zai tarar an rufe akwatin tayi yana tsaka da zirga-zirgar ofisoshi.

Aikin fasaha yana da nasa ƙarin sharuɗɗan. Sau da yawa akan nemi rajista da majalisar ƙwararrun kwamfuta ta CPN, kuma idan aikin ya haɗa da kawo na'urori, akan nemi wasiƙar izini daga kamfanin da ya ƙera su, kamar HP ko Cisco, wadda ba ta fitowa cikin kwana ɗaya. Ita kuma ma'aikatar da ke ba da aikin sai ta sami amincewar hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA, wadda ƙa'idojinta na 2013 suka tanadi a ajiye bayanan gwamnati a cikin Najeriya. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ƙara wa ɗan kwangila nauyi, don haka ya dace tayinsa ya bayyana wanda zai taɓa bayanan da yadda za a tsare su.

Sanarwa takan fito a manyan jaridu da mujallar kwangilolin tarayya da shafin intanet na ma'aikatar. A karanta ta layi bayan layi. Idan an ce bayanin aiki da farashi su shiga ambulan daban-daban, a yi haka, a rubuta sunan aikin da lambarsa a bayan kowanne, a sa hannu a duk inda aka nema, sannan a je wurin buɗe tayi da kai a rubuta farashin da aka karanto na kowa. Wajen yanka farashi, a lissafa kuɗin man janareta da albashin injiniya na watanni, domin biyan gwamnati yakan yi jinkiri. Wanda ya ga an saɓa ƙa'ida yana da kwanakin aiki 15 ya kai ƙorafi a rubuce ga babban sakataren ma'aikatar ko shugaban hukumar da ta ba da aikin, idan bai gamsu ba ya ɗaukaka zuwa BPP.