Yadda Ake Zaɓar Kaurin Wayar Sifika Idan Za Ka Ƙara wa Motarka Sauti

Kafin ka nufi kasuwa, duba takardar amfilifayarka ka nemo ƙarfin da aka rubuta RMS a gefensa, wato ainihin ƙarfin da take iya bayarwa a kai a kai. Ƙatuwar lambar nan ta jikin kwali, wat 2000 ko 3000, ta jan hankalin mai saye ce, kada ka yi lissafi da ita. Sai ka duba om na sifikar, wato ma'aunin yadda take tauye wutar da ke shigarta. Na ƙofa galibi om 4 ne. Wufa kuwa, wato babbar sifikar da ke fitar da sauti mai kauri, akan haɗa ta ta sauko om 2 ko 1, kuma duk sa'ad da om ya sauko, wutar da ke bin wayar ƙaruwa take yi.

Ma'aunin da za ka gani a jikin waya shi ne AWG, kuma a juye yake: ƙaramar lamba ita ce waya mai kauri. Lamba 18 ta fi siranta, sai 16, sai 14, sai 12.

Idan rediyon kaɗai ka sauya ba ka sa amfilifaya ba, bar wayar da motar ta zo da ita. Rediyo ba ya ba kowace sifika abin da ya wuce wajen wat 20, wannan wayar ta ishe shi. Idan da amfilifaya mai ba da har wat 100 a om 4, amf 5 (ma'aunin yawan wutar da ke bin waya) ne kacal ke wucewa, lamba 16 ta wadatar. Mai kaurin da ta fi haka ma wahala za ta ba rewaya wajen zura ta cikin robar da ke tsakanin ƙofa da jikin mota. Wufa ce mai buƙatar kauri: wat 500 a om 2 ya kai kusan amf 16, don haka ba ta lamba 12.

Tsawo kuma da zare za ka auna shi, ka bi ainihin hanyar da wayar za ta bi ta ƙarƙashin kafet, ka ƙara rabin mita. Idan ya haura mita 6, koma lamba ta gaba wadda ta fi wadda ka zaɓa kauri.

Inda aka fi cutar mutane shi ne ƙarfen da ke ciki. Wadda aka rubuta OFC jan ƙarfe ne zalla. Mai CCA alminiyum ce aka yi wa rufin jan ƙarfe, wutar da take ɗauka ba ta wuce kusan kashi biyu cikin uku na ta gasken ba, ga saurin karyewa a wurin da ƙofa ke lanƙwasa ta kullum. Wasu kuma robar suke kumburawa, silin ciki 'yan kaɗan. Ka sa mai shago ya fere bakinta a gabanka, ka kankare sili ɗaya da wuƙa. Idan fari ya bayyana, alminiyum ce. Ni dai shawarata, gara lamba 16 ta jan ƙarfe da 14 ta jabu. In dole sai CCA, ƙara kauri.

Wayar da ke kawo wuta daga batir zuwa amfilifaya daban take. Ita lamba 8 ko 4 take so, wani lokaci har 0, kuma a sa mata fiyus bai fi santimita 45 daga batir ba, domin in ta goge ta taɓa ƙarfen mota babu fiyus, gobara ce.