Babi na 9: Gyangyaɗi a Hanya Bayan Aikin Dare, da Yadda Ake Neman Diyya

Wannan babi na masu kwana a wurin aiki ne: masu gadi, ma'aikatan jinya, masu gasa burodi, da ma'aikatan masana'antu irin na Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano, waɗanda ke hawa babur ko mota da asuba su nufi gida ido ya yi jawur. Iyayena da yayyena, kowa ya ɗauko littafinsa da biro. Ba gaggawa muke ba. Wanda layi ya shige masa duhu ya ɗaga hannu, a sake karantawa.

Darasi na 1: Gane barci kafin ya kama ku

Barci ɓarawo ne, ba ya sallama. Babban mutum yana bukatar barcin awa 7 ko fiye a kowace rana. Wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, tuƙinsa yana lalacewa daidai da na wanda ya ɗan sha abin maye, ko da bai taɓa kai wani abu bakinsa ba. Lokacin da jiki ya fi neman kwanciya shi ne daga ƙarfe 2 na dare zuwa 6 na safe, wato daidai lokacin tashinku daga aiki.

Mu yi lissafi tare. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya. Idan ido ya rufe na daƙiƙa 3, an yi mita 50 ba mai tuƙi. Ku ƙirga da baki: ɗaya, biyu, uku. Shi ke nan, an riga an faɗa kwalbati ko an hau kan mai tura ruwa.

Alamun su ne hamma a kai a kai, ido ya yi nauyi, kai ya riƙa sunkuyawa, abin hawa ya riƙa kaucewa daga layinsa a kan titi, ko ku wuce kwanar gidanku ba ku sani ba. Da ganin ɗaya daga ciki sai a gangara gefe, a wuri mai mutane kamar gidan mai ko bakin masallaci, a kashe inji, a runtsa na minti 15 zuwa 20. Goro da shayi da kofi suna ɗan taimakawa, amma sai bayan kamar rabin awa suke fara aiki, kuma ba sa biyan bashin barci. Buɗe gilashi da ƙure rediyo yaudarar kai ne. Maganin mura irin su Piriton yana sa barci, kada a sha a hau hanya. Tiramol kuwa, kada ma in ji wani ya kira shi maganin gajiya a ajin nan. Wanda ke da hali ya bar babur a wurin aiki ya hau A Daidaita Sahu, wannan ya fi duka.

Darasi na 2: Layi biyar

In tsautsayi ya auku, rai ake fara dubawa. A kira 122, lambar hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, ko 112. A kai wanda ya ji rauni asibiti. Bayan haka sai rubutu, kuma nan ne nake so mu daɗe, domin nan ne yawancin ɗalibai ke tuntuɓe.

Ku kwafi waɗannan a shafin ƙarshe na littafinku, kowanne a layinsa:

1. Kwanan wata
2. Lokaci
3. Wuri
4. Lambar mota
5. Sunan shaida da lambar wayarsa

Kwanan wata: rana a farko, sai wata, sai shekara. Ranar 4 ga Maris 2025 ana rubuta ta 4/3/2025. Kada a rubuta "ranar kasuwa" ko "bayan Sallah". Lokaci: ƙarfe nawa, kuma na safe ne ko na dare. Wuri: sunan titi, da wani abu sananne a kusa, kamar gada ko shataletale.

Yanzu layi na 4. Lambar mota irin ta yau kashi uku ce: haruffa 3, sai lambobi 3, sai haruffa 2. Misali ABC 123 DE. Duka guda 8 ke nan. Ana farawa daga HAGU a tafi dama. Waɗanda suka saba da allo, hannunku zai so farawa daga dama, ku riƙe shi. Daga hagu.

Ku ɗora yatsa a kan harafin farko. Ku faɗe shi da baki. Ku rubuta. Ku matsar da yatsa zuwa na biyu. Ku faɗa. Ku rubuta. Haka har ƙarshe. Da kun gama sai ku ƙirga abin da kuka rubuta. Ya kai 8? In 7 ne, wani ya faɗi a hanya, a koma farko. Ba abin kunya ba ne, kowa da haka ya koya.

Ga waɗanda ke rikita ido: harafin O da sifili 0, harafin B da 8, harafin S da 5, harafin I da 1, sannan 6 da 9. Dabarar mai sauƙi ce. In a ukun farko ko biyun ƙarshe ne, harafi ne. In a tsakiya ne, lamba ce. Mu maimaita tare: ukun farko haruffa, ukun tsakiya lambobi, biyun ƙarshe haruffa. Madalla. A sake. Ukun farko haruffa, ukun tsakiya lambobi, biyun ƙarshe haruffa.

Wani zai ce, "Malam, ai zan ɗauki hoto da waya." Ɗauki, yana da kyau ƙwarai, har da inda motocin suka tsaya da raunin da aka ji. Amma waya tana fashewa a hatsari, caji yana ƙarewa, a cikin taron jama'a kuma tana yin ƙafa. A ɗauki hoto, a kuma rubuta. In hannu yana rawa, a ba wani ya rubuta, amma ya karanto muku, ku kuma kuna kallon motar kuna bi da yatsa daga hagu.

Me ya sa na nace? Domin da wannan lamba ake gano mai motar, da ita ake duba ko inshorarsa ta gaskiya ce ko ta bogi. Harafi ɗaya ya kauce, an koma neman motar wani bawan Allah a wata jiha. A kowane zango sai na ga waɗanda ke kawo mini lamba guda 6 suna cewa ai sauran suna kansu. Ba sa kanku! Mutumin da ya kwana bai runtsa ba, ga firgici, ga ciwo, me zai riƙe a ka? Kuma masu hira a baya yanzu, ku ne gobe za ku ce ba a koya muku ba. A sake rubuta ABC 123 DE sau biyar. Yatsa, baki, biro, sannan ƙirga.

Darasi na 3: Takardu

A nemi leda mai kauri, a zuba komai a ciki: rahoton 'yan sanda, rahoton likita, katin asibiti, hoton ƙashi, da rasit na kowane magani. Wanda ya je wurin mai ɗori kaɗai ba zai sami takardar da kamfanin inshora zai karɓa ba, don haka asibiti tukuna. A yi fotokwafi a bayar, na asali ya zauna a gida.

Kada ku sa hannu ko ku dangwala yatsa a takardar da ba ku karanta ba. Akwai takardar da ke cewa kun karɓi kuɗi kaɗan kun yafe sauran. Ku ce, "A ba ni in je a karanta mini." In an tambaye ku yadda abin ya faru, ku faɗi gaskiya, ko da ku ne kuka yi gyangyaɗin.

Darasi na 4: Wa zai biya?

Ƙofa biyu ce. Ta farko inshorar dole da kowane abin hawa ke yi, wadda tun Janairun 2023 take naira 15,000 a shekara ga motar gida. Tana biyan wanda aka buge, da ɓarnar dukiyarsa har naira miliyan 3. Ba ta biyan direban da ya yi laifin, ba ta gyara motarsa.

Ta biyu dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar asusun inshorar ma'aikata, wato NSITF, ke kula da ita. Hatsarin da ya sami ma'aikaci tsakanin wurin aiki da gidansa yana ciki, muddin wurin aikin ya san adireshin gidan. A sanar da wurin aiki cikin kwana 14, a rubuce, da layi biyar ɗin nan. Neman diyyar kuma kada ya wuce shekara 1. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya je ofishin hukumar tallafin shari'a da ke babban birnin jiharsa.

Darasi na 5: Aikin gida

Kowa ya kwafo lambobin motoci 3 da ke tsaye a unguwarsu. A tambayi ofishin wurin aiki ko an yi muku rajista da NSITF. A zo da leda.